A Ba Yara Labarin Sallah da Faɗan Gida a Cikinsa

A azumin da ya gabata na sayo wa yaran gidanmu wani ɗan littafi mai hotuna a kan bikin Sallah, na zauna bayan an idar da asham na karanta musu shi tun daga bango har bango. Labarin wani gida ne da kowa a cikinsa mutumin kirki ne: uba ya sayo kayan Sallah, uwa ta yi girki, yara sun taya ta aiki ba tare da an sa su ba, aka je Idi aka dawo, aka ci aka sha, sannan shafin ƙarshe ya sanar da mai karatu cewa haɗin kai abu ne mai kyau. Da na rufe littafin sai 'yar wana, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, ta dube ni ta ce, "Baffa, su a gidansu ba a yin faɗa?" Dariya na yi a lokacin, amma tambayar ta ƙi barina, domin yarinyar ta gano abin da ya kuɓuce wa marubucin, wato cewa gidan da ba a taɓa saɓawa a cikinsa ba ba shi da abin da zai koya wa kowa game da yadda ake shiryawa.

Ana yawan kira a yanzu cewa a rubuta wa yaranmu labarai daga cikin al'adunmu, a ɗora su a kan bukukuwanmu, domin su tashi da son zumunci da taimakon juna, kuma ina cikin masu wannan kira. Inda na rabu da wasunsu shi ne irin labarin da suke nufi. Mafi yawan abin da nake gani da sunan labarin tarbiyya wa'azi ne aka sa masa riga da hula, aka raɗa wa masu yinsa sunayen yara. Ni kuwa a ganina labarin da zai sa yaro ya ƙaunaci haɗin kan gida dole ne ya nuna masa gidan yana neman tsagewa, ya nuna masa abin da kowa zai rasa idan ya tsage, sannan ya nuna masa wahalar da aka sha da girman kan da aka haɗiye kafin a ɗinke shi. Ranakun Sallah kuwa su ne suka fi dacewa da irin wannan labari, saboda a cikinsu ne 'yan gida ɗaya suka fi bukatar juna, a cikinsu ne kuma suka fi samun dalilin ɓata wa juna rai.

Kakanninmu da suka yi mana tatsuniya ba su taɓa jin nauyin nuna mana mugun hali ba. Jarumin da suka fi ba mu labarinsa shi ne Gizo, mai tsamin baki, maƙaryaci, mai haɗama, wanda ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga cutarsa ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tatsuniya zai tuna da Gizo da hankaki, yadda suka tausaya masa kowanne ya cire gashi ɗaya ya ba shi har ya sami fiffiken da zai bi su zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa, da yadda ya isa can ya riƙa hana su 'ya'yan itacen yana cewa shi ya riga ganinsu, har suka gaji kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi a kan reshe. Babu tsohuwar da ta taɓa dakatawa a nan ta ce mana, "Yara, ku lura, wanda jama'a suka ɗaga idan ya cuce su faɗowa zai yi." Ba ta bukatar faɗa, domin mun riga mun ga Gizo ya rikito cikin ruwa, mun yi masa dariya har da hawaye, kuma washegari duk wanda ya cika hannu a kwanon tuwo sunan da za a kira shi da shi ke nan. Dariyar ita ce ta yi aikin, kuma ta fi bulala daɗewa a jiki.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba dukkan tatsuniyoyinmu ne ke koyar da haɗin kai ba, kuma masu cewa mu koma musu kawai mu kwaso ba su sake sauraronsu da kunnen manya ba. Babban rukuni a cikinsu na 'yar bora ne da 'yar mowa. A tatsuniyar ruwan Bagaja, an ɗora wa 'yar bora laifin da ba nata ba aka kore ta wanki a ruwa mai nisa, ta yi ladabi ga duk abin mamakin da ta tarar a hanya, ta dawo da dukiya da rakiya, ita kuwa 'yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya ta dawo da abin kunya. Darasin ladabi da haƙuri a fili yake, kuma babu shakka labarin ya share hawayen yara da yawa da ake nuna wa bambanci a gidajen ubanninsu. Amma a dubi yadda yake ƙarewa: 'yan uba biyu, ɗaya ta hau ɗaya ta tozarta, iyayensu mata kuma sun ƙara nisa da juna, uban da ya haddasa bambancin ko tambayarsa ba a yi ba. Yarinyar da ta kwana da wannan labari ta koyi cewa wata rana Allah zai ɗaga ta a kan 'yar ubanta, amma ba ta koyi yadda za su zauna a tabarma ɗaya ba. A ƙasar da gidaje masu mace fiye da ɗaya suke da yawa, har harshen ya tanadi kalma ta musamman, wato 'yan ubanci, domin gabar da ke tsakanin 'ya'yan kishiyoyi, wannan giɓi ne da bai kamata marubucin yau ya gada ido rufe ba.

Abin mamaki shi ne maganin wannan giɓi yana hannunmu tun muna makarantar allo. Ƙissar da Alƙur'ani ya kira mafi kyawun ƙissoshi, wato ta Annabi Yusufu, labarin 'yan uba ce daga farkonta har ƙarshenta. Akwai uban da 'ya'yansa suke ganin ya fifita Yusufu da ɗan'uwansa a kansu, akwai hassadar da ta kai ga jefa ƙane a rijiya, akwai ƙaryar da aka kawo wa tsoho da riga mai jini, akwai shekarun rabuwa da yunwar da ta tilasta wa masu laifin zuwa neman abinci a hannun wanda suka zalunta. Babu abin da aka ɓoye don kada yara su ji. Amma da ranar ramuwa ta zo, sai wanda aka cuta ya ce musu babu zargi a kansu a yau, ya sa aka kwaso iyalin gaba ɗaya aka zauna wuri guda. Duk mai cewa nuna saɓanin 'yan'uwa a labarin yara zai koya musu saɓani, sai ya gaya mana abin da ya sa wannan sura ta fi kowace shiga ran yara idan malami yana fassara ta. Ita kanta Babbar Sallah a kan labarin uba da ɗa aka gina ta, kuma abin da ake yawan tsallakewa a cikinsa shi ne Annabi Ibrahim ya gaya wa ɗansa mafarkin da ya yi, ya kuma nemi jin abin da yake gani. Uba ne ya yi shawara da yaro a kan lamari mafi nauyi, alhali a gidajenmu da yawa ko kalar yadin Sallarsa ba a tambayar yaro.

Maƙwabtanmu na Afirka ta Yamma suna da wata dabara da ta dace da wannan aiki, mu ma muna da irinta. A wajen Ashanti na ƙasar Gana, Gizo sunansa Ananse, kuma ana ba da labarin 'ya'yansa shida da kowanne yake da baiwa guda: ɗaya yana hango masifa daga nesa, ɗaya yana share hanya, ɗaya yana shanye kogi, ɗaya gwanin fiɗa ne, ɗaya gwanin jifa, na ƙarshe kuwa jikinsa laushi gare shi kamar matashi. Kifi ya haɗiye ubansu, suka bi baiwarsu ɗaya bayan ɗaya har suka fito da shi, tsuntsu ya sure shi, mai jifa ya kakkaɓo shi, mai laushi ya tare shi. Da uban ya tsinci wani abu mai haske ya so ya ba wanda ya cece shi, sai aka rasa wanda za a ba, gardama ta ƙi ƙarewa, har aka ɗaga abin sama ya zama wata kowa yana ganinsa. A Hausa ma muna da labaran gwanaye da ake rufewa da tambaya, a ce wa masu sauraro, "To, a cikinsu wa ya fi?" Amfanin wannan tambaya shi ne ba ta da amsa. Yaron da ya ce mai jifa ne ya fi, ɗan'uwansa zai tuna masa cewa ba don mai hangen nesa ba da ba a ma san uban yana cikin kifi ba, kuma kafin a tashi kowa ya lissafa da bakinsa abin da kowane ɗa ya yi wanda sauran ba za su iya ba. Marubucin da ya rufe labarinsa da "darasin da muka koya" ya ƙwace wa yara wannan gardama, ita ce kuwa wurin da koyon yake.

Wani abu da ya kamata ya sa mu tunani yana faruwa a Amurka. A 1966 wani malami baƙar fata mai suna Maulana Karenga ya ƙirƙiro bikin Kwanzaa, wanda ake yi kwana bakwai daga 26 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu, kowace rana da manufarta da aka raɗa wa suna da harshen Swahili, ta farko umoja, wato haɗin kai, ta uku ujima, wato aiki tare da ɗaukar nauyin juna. Mutane ne da cinikin bayi ya raba kakanninsu da garuruwansu da harsunansu, suka zauna suka tsara wa kansu biki domin 'ya'yansu su sami abin riƙewa, sannan marubutansu suka shiga rubuta littattafan yara masu hotuna domin bikin, wasunsu suna kai labarin ƙauyukan Gana, wurin masaƙan kente. Zaɓin kente ba banza ba ne, domin ƙyalle ne da ake saƙa shi siriri-siriri sannan a ɗinke gefe da gefe har ya zama zane, kamar dai yadda masaƙanmu suke haɗa ƙwarya-ƙwarya su fitar da gwado. Mutum yana iya yi wa waɗannan littattafai gyara, ya ce Afirkar da ke cikinsu ta fi ta gaske tsafta da natsuwa, ko ya ce an haɗa harshen gabas da tufafin yamma. Ni ba na jin ina da bakin wannan gyara, domin su sun ƙirƙiri biki sannan suka yi masa littattafai, mu kuwa muna da bukukuwan da suka shekara ɗaruruwa, amma uban da ya shiga kantin littattafai a Kano ko Zinder yana neman labarin Sallah na Hausa da zai karanta wa ɗansa mai shekara shida zai sha yawo kafin ya dace.

Alhali kayan aikin a zube suke. A ɗauki yinin layya kaɗai a gidan Bahaushe. Ana jira sai liman ya yanka, sannan maigida ya sa wuƙa, samari sun danne ƙafafu, wani ya riƙe kai, ƙaramin yaro yana tsaye da buta. Masu fiɗa su yi nasu, a miƙa wa mata kayan ciki su wanke tumbi da hanji, wasu yaran su tafi babbakar kai da ƙafa, a rataye gangar jikin ta kwana ta sha iska, washegari a sassara a shiga suya da rabo. Babu mutum ɗaya da zai iya wannan aiki shi kaɗai, kuma kowa ya san gurbinsa ba tare da an rubuta ba. A Yamai da sauran garuruwan Nijar har a bakin titi ake yin abin, maƙwabta su haɗa itace su hura wuta ɗaya, a tsire ragunan a sanda a jera su kewaye da ita, kowa yana lura da na ɗan'uwansa. Waɗanda ba su da ƙarfin dabba kuma sukan yi watanda, a tara kuɗi a sayi sa a yanka a kasa kashi-kashi daidai da abin da kowa ya zuba, domin kada gida ya wayi gari ba ƙamshin nama.

A cikin wannan hidimar ce kuma ake samun duk abin da ke sa labari ya yi rai. Akwai shekarar da uba bai sami kuɗin rago ba, yaransa suna leƙen na maƙwabta ta kan katanga, shi kuma yana fita tun asuba don kada su haɗa ido. Akwai wan da ya zo daga birni da ƙaton sa, ƙaninsa da suke gida ɗaya ko akuya bai ɗaure ba, ana ta tunanin yadda za a ba shi nama ba tare da an ƙasƙanta shi ba. Akwai hantar da ta ɓace daga cikin kasko, da kason ɗakin uwargida da aka ce ya fi na amarya tsoka, da ɗan riƙon da aka yi wa ɗinki da yadin da bai kai na 'yan gida ba, da almajirin da ya shekara yana yi wa gidan aike amma aka manta da shi ranar rabo, da telan da ya gama kayan kowa ban da na mutum ɗaya. Kowanne daga cikin waɗannan littafi ne guda, kuma babu yaron da zai tambaya ko a gidan ana faɗa. Wanda ya fi jan hankalina a cikinsu shi ne yaron da ake aika da kwanon nama ko tuwon Sallah gidan gwaggo da gidan kawu. Manya suna iya shekara ba sa ga maciji, amma ranar Sallah yaro ne ke tsallaka zauren da uban ya rantse ba zai ƙara takawa ba, ya durƙusa ya ce an ce a gaishe ku, a ba shi tukwici ya dawo da amsa. An ce zumunta a ƙafa take, amma ba a cika faɗar cewa sau da yawa ƙafar ta yaro ce ba. Labarin da ya sa wannan ɗan aike a tsakiya ya nuna wa yaro cewa riƙon gida ba aikin manya kaɗai ba ne, shi ma yana da hannu a ciki tun yanzu.

Sauran shekarar ma ba ta rasa irin wannan ba. Tashe, wanda yara ke farawa bayan azumi ya kwana goma, makarantar wasan kwaikwayo ce da yara suke gudanar da ita da kansu, su raba matsayi, su nemo tsumma da gemun auduga, su zagaya gidaje, sannan su zauna rabon abin da suka samu, inda nan ne ake gane mai adalci da mai halin Gizo. A wasan Mairama da Daudu 'yan mata ne suke kwaikwayon zaman miji da mata, suna faɗa wa manya gaskiyar da ba a iya faɗa musu a fili. A watan Muharram akwai cika-ciki da kuɗin shara tsakanin taubasai, wasan da yake mai da tsokana hanyar ƙarfafa dangantaka. A Kano, bisa al'ada, ranar Hawan Daushe sarki da duk dawakinsa da 'yan bindigarsa yakan bi ta Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, kuma ban san wani hoto da ya fi wannan saurin shiga kan yaro ba, a ce mutumin da kowa ke faɗuwa a gabansa shi ma yana da wadda yake rusuna wa. Hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano da saƙar kente cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, abin alfahari ne, amma takardar hukuma ba ta sa yaro ya san ma'anar abin da yake kallo. A gidajen Kiristoci masu jin Hausa a Wusasa da Jos da Kaduna kuma, kwanon shinkafar Kirsimeti yana shiga gidan maƙwabci Musulmi kamar yadda naman layya yake fitowa daga can, a unguwannin da rikici bai raba ba, kuma yaran ne dai masu ɗaukar kwanon.

Na san akwai masu ƙyamar tatsuniya gaba ɗaya, suna cewa ƙarya ce, bai kamata a haɗa ta da ranakun ibada ba. Ina girmama damuwarsu, amma ita tatsuniya ba ta taɓa da'awar gaskiya ba, ita ce ma take rufe kanta da cewa ƙurungus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Yaro ya san hankaka ba ya ba da aron gashi, kamar yadda ya san tsohon da ke tashe da gemun auduga ɗan maƙwabtansu ne. Abin da ya wajaba shi ne a tsare iyaka, kada a cusa ƙagaggen zance cikin ƙissar annabawa, kada kuma a ƙirƙiri hukuncin addini a bakin dabba. Idan an kiyaye wannan, labarin gidan da aka yi saɓani a kan rabon nama aka shirya kafin la'asar bai saɓa wa komai ba, hasali ma fassara ce a aikace ta hadisin da ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta wanda zai ba da labarin. An daɗe ana tattara tatsuniyoyinmu a takarda: Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tsara wa 'yan makaranta nasa a farkon shekarun 1970, waɗanda da yawanmu muka karanta a firamare. Ke nan ba ɓacewa tatsuniyoyin suka yi ba, zaman da ake yinsu a cikinsa ne ya watse. Da can gida babba ne, kaka tana nan, 'ya'yan wa da na ƙane da na kishiyoyi duk tabarma ɗaya suke hawa bayan cin tuwon dare, ta ce ga ta nan ga ta nanku, su amsa baki ɗaya ta zo mu ji ta. Wannan amsawar da murya ɗaya, da matsawar da ake yi wa ƙarami ya sami wuri, da jiran da ake yi wa wanda aka aika, su ma haɗin kai ne, tun kafin a kai ga abin da ke cikin labarin. Yau gidan ya rarrabu zuwa ɗakunan haya a unguwanni daban-daban, kaka tana ƙauye, kowane yaro yana neman wayar uwarsa ya kalli abin da aka yi wa yaran wata ƙasa. Ba na cikin masu zagin waya, domin da ita kaka za ta iya aiko da tatsuniya da muryarta ta WhatsApp, amma yaron da ya saurara shi kaɗai a lungu ya sami labari ne bai sami zaman ba. Sallah ce kaɗai ta rage da take sake tara waɗannan yara a tsakar gida ɗaya na kwana biyu ko uku, shi ya sa nake ganin asara ce a bar dararen nan su wuce kowa yana kallon tafin hannunsa.

Ba na kuma sa ran makaranta za ta ɗauke mana wannan nauyi. A 2022 gwamnatin Nijeriya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 ta janye, a shekarar da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Manufar da take juyawa cikin shekara uku ba abin jingina tarbiyyar yaro ba ce. Waɗanda nake kallo su ne marubutanmu, musamman mata, waɗanda tun daga shekarun 1980 suka cika kasuwar Kano da littattafai a kan kishi da aure da zaman gidan miji, kuma babu wanda ya fi su sanin inda gida yake tsagewa. Sun rubuta wa manya wannan ilmi har ya ishe su, amma kaɗan ne suka sunkuya suka rubuta shi daidai tsayin ɗan shekara bakwai, wataƙila saboda littafin yara yana bukatar mai zane da takarda mai kyau, kuɗinsa ya fi yawa, ribarsa kuma ba ta da tabbas. Iyayen da ke iya kashe dubbai a kan takalmin Sallar da yaro zai fi ƙarfinsa kafin wata shida su ne za su iya sauya wannan lissafi, idan littafi ya shiga cikin kayan Sallah kamar yadda hula da agogon roba suka shiga.

Da Babbar Sallah ta zo, ban sake sayen littafi ba, sai na gwada abin da nake faɗa. Daren da aka gama suya na tara yaran gidan da na baƙi, na ba su labarin wa da ƙane da suka yi shekara biyu ba sa magana saboda iyakar gona. Ranar rabon nama wan ya aiki ɗansa da cinya gidan wata tsohuwa, yaron ya shagala da kallon dawaki ya manta inda aka aike shi, ya kai ta gidan baffansa. Matar baffan ta zaci neman sulhu ne, kuma tun da yake ba a mai da kwano wayam, sai ta cika shi da soyayyen nama ta ce a gai da maigida. Da kwanon ya iso, wan ya zaci ƙaninsa ne ya fara saukowa, kunya ta kama shi a ce ƙarami ya riga shi, ya sa takalmi ya nufi gidan, shi ma ƙanin ya fito, suka haɗu a hanya kowa yana cewa ɗan'uwansa ya fi shi kirki. Yaron kaɗai ya san cewa kuskure ne, ga kuma tsohuwa can tana jiran cinyar da ba ta zo ba. Nan na tsaya na tambaye su, ya faɗi gaskiya ko ya yi shiru?

Manyan cikinsu suka ce ya faɗa, domin shiru a nan ƙarya ce, kuma hakkin tsohuwa yana wuyansa. Wani ya ce ya bari sai bayan Sallah idan shirin ya yi ƙarfi. Wata ta ce ya ɗauki nasa kason ya kai wa tsohuwar, sai aka tuna mata cewa kason yaro bai kai cinya ba, sai wani ya ce to 'ya'yan gidajen biyu su haɗa nasu. 'Yar wana, mai tambayar farko, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Baffa, idan ya faɗa suka koma faɗa, laifinsa ne ko nasu?" Ban amsa mata ba, iyayensu mata suka kira su kwanciya, kuma da safe da na fito alwala na tarar da biyu daga cikinsu a bakin murhu suna jiran ɗumame, ba su gama gardamar ba.